Fayil ɗaya ya cinye mini babur

Jiya da la'asar ka tambaye ni, a gaban mutane kuwa, wai mene ne amfanin wahalar da nake sa ka: kowane mai kawo aiki sai an buɗe masa dosiye nasa, kowane fayil sai an maƙala masa kwanan wata, alhali ga wurin bincike nan, mutum ya rubuta suna kwamfuta ta zaƙulo masa. Ban tanka maka ba saboda akwai baƙi. Yanzu ja benci ka zauna, ka kife wayar nan a kan tebur, don na san rabin kunnenka yana TikTok.

Yadda ake buɗe sabon dosiye, ko folda yadda ƴan Kano ke faɗa, da yadda ake sake masa suna, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Akuyar kasuwar Dole ma in ta yi sati a shagon nan za ta iya. Abin da ba ka sani ba shi ne kuɗin da na biya kafin in koyi abin da kake kira wahala.

A 2013 ne, da hunturu, lokacin shagona yana Zango. Kai a lokacin ko wando ba ka iya ɗaurawa da kyau ba. Wani babban ɗan kasuwa, ba zan kama sunansa ba don yana nan da ransa, ya aiko direbansa da kwamfutar hannu, daga baya shi ma ya biyo. Windows XP ce a kai, ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin gero. Ya ce ya ga ta abokinsa da Windows 7, shi ma irinta yake so. A lokacin kowa guje wa XP yake yi, don an riga an ce Microsoft za ta daina kula da ita a Afrilun 2014. Na ce, "Alhaji, akwai abin da kake buƙata a ciki?" Ya ce, "Yarona ya ce duk kayanmu suna D. Ka wanke ta kawai." Diskinta kashi biyu ne, C inda Windows take da D na ajiya. Na leƙa D, na tarar da wa'azi, hotunan biki, da bidiyon kokawa. Na dubi fuskar kwamfutar, wato Bureau, ga tarkace har ba a ganin hoton baya: Nouveau dossier, Nouveau dossier (2), haka har (11), ga Classeur1, ga Document sans titre. Na ce a raina shara ce. Akwai injuna uku suna jirana, kuma na san wuta ba ta kaiwa azahar. Na formate C, wato na share ta tas, na ɗora sabuwar Windows, na sa Office, na sa maganin birus, na karɓi jaka 5, na yi godiya.

Bayan kwana uku sai ga shi da mutum biyu a bayansa, ko sallama babu. Wai littafin bashinsa ya ɓace. Ashe duk wanda ya ɗauki kaya bashi a wurinsa, daga Magarya zuwa Matamai har Tanut, sunansa da abin da ake binsa suna cikin fayil ɗaya na Excel. Kuma ka san inda sakatarensa, wato yaron nan nasa, ya ajiye shi? Cikin Nouveau dossier (7), a kan Bureau, da suna Classeur1. Shi yaron a tunaninsa Bureau wuri ne dabam. Bai san Bureau ɗaki ne a cikin C ba, in C ta tafi ya tafi da ita.

Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na ciro diskin na haɗa da tawa kwamfutar, na saki Recuva, manhajar dawo da abin da aka goge, a kansa. Ka gane, goge fayil kamar cire allon ƙofar gida ne, gidan yana nan tsaye har sai an zo an yi sabon gini a filin. To ni da hannuna na yi ginin: Windows 7, Office, da sauran abin da na ɗora, duk sun zauna a kan tsofaffin kaya. Abin da ya dawo hotuna ne rabi-rabi da fayiloli marasa suna, ka buɗe ka ga rubutu kamar tafiyar tururuwa. Abin da ya fi ci mini rai, da ban danna formate ba, da na ɗora sabuwar a kan tsohuwar kawai, Windows da kanta za ta kwashe tsofaffin kayan ta zuba cikin dosiye mai suna Windows.old. Dannawa ɗaya ce ta raba ni da zaman lafiya.

Ya ce miliyan ɗaya zan biya ko mu je kumsariya. Dattawan unguwa suka shiga tsakani, aka yi zama uku, ana ta "a yi haƙuri, a dubi zumunci", amma haƙurin duk a kaina ya ƙare. Aka tsaya a jaka 350. Na sayar da babur ɗina, sabo fil, wata takwas da saye. Uwargida ta kwaso kuɗin adashenta ta ɗora mini, har yau in muka yi saɓani sai ta tuna mini. Shekara guda ina hawan kabu-kabu, ranar da babu kuɗi in tako da ƙafa cikin rana.

Ba ka ji ƙarshen ba. Bayan wajen shekara biyu, sai ga sakataren nan ya shigo a buga masa takardar neman aiki, ashe an kore shi. Yana zaune daidai inda kake zaune ya ce, "Maigida, ka yafe mini, akwai abin da ke damuna." Wai duk ƙarshen wata yakan kwafe fayil ɗin a kile, wato USB, ya ba Alhaji, kuma ranar da suka zo suna mini ihu, kilen yana cikin aljihun babbar rigarsa. Ko dala ɗaya ta bashi ba ta ɓace masa ba. Ya ga na tsorata ne, ya ga sarari, ya yanka. Har gobe muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana miƙo mini hannu ina karɓa, amma ban yafe ba, kuma na gaya wa Allah ban yafe ba.

To wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Shi ya sa babu injin da ake wankewa a shagon nan sai an kwashe dosiyen mai shi gaba ɗaya daga C, da Bureau, da Documents, da Téléchargements inda abin da aka sauke daga intanet ke taruwa, an zuba a diskin waje, ko da mai ita ya rantse da kabarin kakansa cewa babu komai. Sannan ya sa hannu a littafin nan mai baƙin bango. Kana ganin kamar rashin yarda ne. I, rashin yarda ne.

Kuma ka cire wa kanka cewa D mafaka ce. A yawancin injunan da ake kawo mana, C da D diski ɗaya ne aka raba biyu, kamar ɗaki da aka tsaga da zana. In ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ɗaukewar wuta suka kashe diskin, duka biyun suke tafiya. Kwafi na gaskiya shi ne wanda ke wani ƙarfe dabam. Aikin da ya fi muhimmanci kuma ina tura shi Google Drive, giga 15 suke bayarwa kyauta, ranar da intanet ta ga dama.

Yanzu ga wurin binciken naka da kake taƙama da shi. Me za ka rubuta masa? Ɗalibin jami'ar André Salifou ya kawo kundinsa na kammala karatu, malaminsa ya sa shi gyara sau shida, kai kuma ka ajiye su da "final", "final 2", "final bon", "final vrai". Ka bincika, duka su fito su jeru suna kallonka. Wanne za ka buga? Ka buga shafi 90 kwafi biyar na wanda ba shi ba, takarda da tawada wa zai biya? Ko mace ta turo hoton takardar haihuwar ɗanta ta WhatsApp, ya sauka da suna IMG da lambobi da WA, bayan wata uku ta dawo lokacin ajiye takardun jarrabawa tana nema. Hoto ne, ba ka ba shi suna ba, sai ka zauna kana buɗe ɗari uku ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a kanka da goyo.

Tsarina ba shi da wuya. Babban dosiye na shekara, a cikinsa kowane mai aiki da nasa, shi ke nan. Kada ka yi ta tona rami cikin rami har hawa goma, don Windows takan fara gardama in sunan hanyar ya wuce haruffa 260, sai ka zo kwafewa ta ƙi. Sunan fayil kuma ya fara da shekara, sai wata, sai rana: 2025-03-07, sannan sunan mai shi, sannan abin da ke ciki. Kwamfuta daga hagu take karantawa, in shekara ce a gaba sai su jeru da kansu kamar sahun salla. In ka fara da rana irin yadda aka koya muku a lakwal, 7 ga Maris da 7 ga Nuwamba su zama maƙwabta. An yi gyara? Sabon kwanan wata, tsohon ya zauna inda yake har mai shi ya karɓi aikinsa ya biya.

Sai kile. Ku yaran yanzu kun mai da shi rumbu, alhali buhu ne na ɗaukar kaya daga nan zuwa can. Abin da ka goge a kile ba ya zuwa Corbeille, kwandon sharar kwamfuta, ya wuce ke nan. Kuma duk kilen da ya zagaya shagunan garin nan yana ɗauke da birus ɗin da ke ɓoye dosiye ya bar maka gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya. Makon jiya na gan ka za ka formate na wata malama don ka ga kamar babu komai. Kayanta suna nan, ɓoye su aka yi, umarnin attrib layi ɗaya ne yake fito da su. Da ban shigo ba da yanzu kai ma kana neman mai sayen kekenka.

Takardun mutane kuma, katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, hoton fasfo, ba na son in gan su warwatse a Téléchargements kowa ya zauna ya gani. Su shiga dosiyen mai su, in shekara ta zagayo bai dawo ba a share.

Tashi ka ɗauko kwamfutar mai kantin magani da aka kawo da safe. Ya ce babu komai a ciki. Haɗa diskin waje ka fara da Bureau, ka kira ni in gani kafin ka taɓa wani abu. In za ka wuce ka ce wa mai shayi ya rage sukari.