Hurumi, burtali da gugan da ya hana

Wani malamin firamare daga Gusau ya aiko da tambaya: "Malam, in an ce wa mutum 'wannan ba huruminka ba ne', mene ne ainihin hurumin? Kuma ina alaƙarsa da burtali?"

Malam, ka taɓo kalmar da nake ƙauna. Asalinta Larabci ne, tushenta ɗaya da "haram" da "harami". A fiƙihu ana kiran filin da ke kewaye da rijiya ko gari "harimi", ba a yarda wani ya mallake shi ba. Bahaushe ya karɓa ya ce hurumi: filin bayan gari da aka hana nomawa ko ginawa, inda awakin gari ke kiwo, mata ke samun itace, wani wurin ma nan maƙabarta take. Na kowa ne, mai gari ko hakimi ke tsaronsa. Daga nan kalmar ta koma nufin iyakar ikon mutum, har lauya ya ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Abin da ke damuna shi ne ma'anar kotu ta rayu, ta fili kuwa tana mutuwa, domin a garuruwa da yawa an yanka filin an sayar fuloti-fuloti.

Burtali ƙanin hurumi ne: hanyar shanu tsakanin gonaki, wadda ake shingewa da aguwa ko cini-da-zugu, ta kai dabba mashaya ba tare da ta taɓa shuka ba. Ana kuma cewa labi. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 da dokar karkara ta Nijar ta 1993 duk sun tarar da wannan tsari a ƙasa.

Ka kuma tambayi ma'anar "rijiya ta bayar, guga ya hana". Ana faɗinsa idan mai abu ya yi kyauta, ɗan aike ya danne. Lura da cewa karin maganar ba ta zargi rijiya da ƙafewa ba. Ruwa yana nan, laifin na wanda ke tsakani ne. Duk lokacin da wanda aka ba amanar hurumi ya sa hannu aka nome burtali, shi ne gugan, kuma manomi da makiyayi ne ke haɗuwa a gaban alƙali bayan kaka.