Me Ya Sa Rezin Ɗina Yake Kumfa a Kan Katako?

Tambaya: Malam, na zuba rezin mai launi (wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi ƙyalli kamar gilashi) a kan katako domin zanen ya yi kama da gilashin taga mai launi, amma kumfa ta ɓata shi, launukan kuma suka gauraye. Ina kuskurena? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, katako yana da ƙananan ƙofofi masu riƙe iska, ita ce ke fitowa ta zama kumfa, saboda haka sai an fara shafa masa rezin kaɗan ya bushe kafin a zuba mai launin. Ki ja layukan zanen da baƙin fenti mai kauri, su tashi kamar kunyar gona, domin su tare kowane launi a gurbinsa. Bayan kin zuba, ki kifa kwali a kansa na kwana ɗaya, musamman lokacin ƙurar hunturu.