Tambaya da Amsa: Me cocin ƙauye ya yi wa Ingila a lokacin yaƙin Hitila?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kakana yana cikin sojojin da aka kai Burma, shi ya sa nake bin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. Na ji ana cewa a ƙauyukan Ingila coci-coci sun taimaka ƙwarai wajen cin yaƙin. Ni kuwa na kasa gane abin da fasto da 'yan tsofaffin ƙauye za su iya yi ban da addu'a. Ko kuɗin makamai suka tara? Daga wata malamar makaranta a Kafanchan.

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan kaka. An yi addu'a kam. Sarki George na Shida ya kira ƙasa baki ɗaya ta fito roƙon Allah ranar 26 ga Mayu 1940, lokacin da Jamusawa suka ritsa sojojin Birtaniya a gaɓar Dunkirk, kuma majami'u suka cika maƙil. Bayan kwana tara aka gama kwaso sojoji kimanin 338,000. An kuma tara kuɗi: a 1940 garuruwa da ƙauyuka sun yi ta karo-karo don sayen jirgin yaƙi ƙirar Spitfire, wanda aka yanke wa farashin fam 5,000. Mu ma nan an karɓi irin wannan gudummawa, har aka laƙaba wa runduna ta 91 ta mayaƙan saman Birtaniya sunan Najeriya. Amma a ganina nauyin da cocin ƙauye ya ɗauka ya fi ƙarfi ta wani wajen, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawansa.

Abin da coci yake da shi wanda gwamnatin Landan ba ta da shi shi ne sanin mutane. Fasto da matarsa sun san gidan da ke da ɗaki fanko, sun san gwauruwar da za ta iya riƙon yara da wadda ba za ta iya ba. Ga kuma zauren taro, ga makarantar firamare wadda a ƙauyuka da yawa ta coci ce. Ranar 1 ga Satumba 1939, kwana biyu kafin a shelanta yaƙi, aka fara kwashe mutane daga manyan birane don gudun bama-bamai, kuma cikin 'yan kwanaki an fitar da kusan miliyan ɗaya da rabi, galibinsu yara. Ki ƙaddara yaro ɗan shekara shida ya sauka daga jirgin ƙasa, an maƙala masa takarda mai sunansa a wuyan riga, kwalin abin rufe hanci saboda iska mai guba na rataye a kafaɗa, bai taɓa ganin saniya ba. A zauren ƙauye ko na coci ake jera su, matan gari su zo su zaɓa. Masu tsabta da manyan yara maza masu iya aikin gona su ake fara ɗauka, sai a bar yaya da ƙani da suka ƙi rabuwa suna zaune har dare. A nan ne mai rabon masauki, wanda a wurare da dama fasto ne ko matarsa ko malamin makaranta, zai bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Gwamnati tana biyan sule goma da sisi a mako kan yaro guda, sule takwas da sisi kan kowanne idan sun fi ɗaya. Duk matar da ta taɓa riƙon ɗan wani ta san kuɗin abinci kawai aka biya. Fitsarin kwance da ƙwarƙwata da kukan dare, ita ta sha su.

Sai abinci. Daga 8 ga Janairu 1940 aka fara sayar da sukari da man shanu da naman alade bisa katin da ke ƙayyade rabon kowa. Ƙungiyar matan karkara ta Women's Institute, wadda ba ta coci ba ce ko da yake matan da ke cika benci ranar Lahadi su ne dai mambobinta, ta karɓi sukari daga gwamnati tana dafa 'ya'yan itacen da za su ruɓe a gona tana ɗurawa a kwalabe. Tsakanin 1940 da 1945 sun adana sama da tan 5,300, ba albashi, kuma ba su da izinin ɗiba su kai gida. Wasu matan kuma suna haɗuwa su saƙa wa sojoji safa da rigunan sanyi na ulu.

Ginin cocin kansa ma ya shiga yaƙi. A Yuni 1940 aka hana kaɗa ƙararrawa, aka ce duk ranar da aka ji ta to sojojin laimar Jamus sun sauka. 'Yan sintirin sa-kai, tsofaffi da samarin da ba a ɗauka soja ba, suka riƙa kwana a kan hasumiya suna duban sama. Daren 7 ga Satumba 1940 an kaɗa ta a wasu wurare bisa kuskure, mutane suka firgita. Ba a sake ba da izini ba sai 15 ga Nuwamba 1942, don murnar nasarar El Alamein a Masar. Dokar hana haske da dare kuma ta sa aka riƙa yin sujadar yamma tun da sauran rana.

Kada ki ɗauka duk bakinsu ɗaya ne. Mutum kusan 60,000 sun nemi a yafe musu ɗaukar makami, da yawansu saboda addini. A Fabrairu 1944 Bishop George Bell na Chichester ya miƙe a majalisar dattawa ya soki ruwan bama-baman da ƙasarsa take yi wa biranen Jamus. Ina ganin girman mutumin nan, don faɗin haka a tsakiyar yaƙi sai mai ƙarfin hali.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙauyen Tyneham da ke Dorset. A Nuwamba 1943 aka aiko wa mutanen wurin, su 225, takarda cewa su tashi cikin wata guda, sojoji za su yi atisayen harbi a ƙasarsu. Suka kwashe kayansu kafin Kirsimeti. Da za su fita, aka liƙa takarda a ƙofar cocin ana roƙon sojoji su kula da cocin da gidajen, domin sun bar muhallin kakanninsu ne don a ci yaƙi, kuma wata rana za su dawo su yi godiya. A 1948 gwamnati ta saye ƙasar ƙarfi da yaji, ba wanda aka bari ya koma. Gidajen sun zama kufai, cocin kuwa yana nan tsaye, ana buɗe shi ga baƙi a ranakun da ba a harbi.