Amsa: Haƙori ne ke sa jariri gudawa?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai wata takwas ya kwana biyu yana gudawa, kina tambaya ko haƙori ne. Gaskiya haƙori ba ya tsinka wa yaro ciki haka. Lokacin ne dai ya zo ɗaya da rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki, ƙwayoyin cuta kuwa ta nan suke shiga.

A wannan shekarun, ƙwayar cutar da ake kira rotabairas ce kan gaba wajen sa yara gudawa. Takan fara da amai da zazzaɓi, sai kashi ya koma ruwa zalla, ta ɗauki kwana 3 zuwa 8. Tunda bairas ce, maganin kashe bakteriya ba ya yi mata komai, wahalar da yaro kawai ake yi. Tana da rigakafi na ɗigawa a baki, ana farawa tun yaro yana sati 6. Norobairas ma kusan haka take, sai dai amai ya fi yawa.

In kin ga jini ko majina a kashin, yana yunƙuri yana kuka, ana zargin bakteriya irin su Shigella. Atini ke nan, sai asibiti. Wadda ta ja kwanaki kuwa, ciki a kumbure, kashi mai maiƙo da ɗoyi, wata ƙwayar cutar hanji mai suna Giardia kan yi haka, yawanci daga ruwa marar tsabta.

Abin tsoron shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki ci gaba da ba shi nono, ki riƙa ba shi ORS (ruwan gishiri da sukari) kaɗan-kaɗan da cokali, da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14. In idanunsa suka faɗa, maɗiga ta lotsa, ya ƙi kama nono ko fitsari ya ɗauke, ki kai shi asibiti, kada ki jira gari ya waye.