Dasashina na jini, ko ƙwayar antioksida za ta yi magani?

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni daga unguwar Zango nake nan Damagaram, shekarata 41. Kullum in na yi asuwaki sai jini, bakina har wari yake. Wani ya ce wai antioksida ce ta ƙare a jikina, ya kawo min kwalbar ƙwayoyi jika shida. In saya?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, riƙe jikarka shida tukuna. Mutumin nan bai yi ƙarya duka ba, amma ya kama maganar ta wutsiya.

Ka san in ka ɓare goro ka ajiye, can an jima sai ka ga wajen ya yi ja-ja ya dafe, to iska ce ta ci shi. Irin wannan cin yana faruwa a cikin nama ma. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta, jiki sai ya turo fararen ƙwayoyin jini masu suna nutrofil, su kuma makaminsu wani sinadarin oksijin ne mai ƙuna da suke fesawa. Matsalar ita ce feshin bai san abokin gaba ba bai san na gida ba, in yaƙin ya ɗauki watanni sai ya fara cin zaren kolajin da ke riƙe haƙori, har ya zuga ƙwayoyin jiki da ke narka ƙashin muƙamuƙi, shi ne kake ganin haƙori na girgiɗi a bakin mutumin da bai tsufa ba.

Antioksida su ne masu kashe wannan wutar: gulutatiyon, bitamin C da E, har da yurik asid na cikin miyau. Bincike da yawa ya nuna gulutatiyon na raguwa a ruwan dasashin masu wannan ciwo, alamun ƙunar kuma na hawa. Amma abin da mai kwalba bai faɗa maka ba, in aka kankare dattin, alamun nan suna sauka da kansu. Tsakuwar da ta daskare a gindin haƙori ƙwaya ba ta narka ta, asuwaki ma ba ya ciro ta, sai likitan haƙori ya sa ƙarfe ya kankare.

Ciwon kuma ba naka kaɗai ba ne, rahoton hukumar lafiya ta duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin 100 na manya na fama da mai tsananinsa.

Tambaya ɗaya zan maka, kana shan sigari ko taba gari? In e ne to nan gizo ke saƙa. Sigari na cinye bitamin C, shi ya sa a Amurka ake ƙara wa mai sha miligiram 35 a kan 90 ɗin da namiji ke bukata a rana. A gwada maka sukari ma, don ciwon sukari da ciwon dasashi suna rura wa juna wuta, ga mu kuma da shayin fada mai sukari kamar zuma, kofi uku sai an kai ƙarshe.

Bitamin kam ka shiga kasuwar Dole, ga gwaba, lemun tsami, tumatir ɗanye, kwaɗon zogale, garin ɗan kuka a kunu, da canjinka za ka dawo. Ka je ɓangaren haƙori na babbar likita a duba a kankare, ka riƙa goge baki safe da dare da burushi mai taushi da man da ke da fulorayid, ko da jini na fita kar ka fasa. In bayan sati biyu da kankarewa jinin bai ja baya ba, ka koma a auna zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi.