Wata 11 bai zauna ba, hannunsa na hagu kuma a dunƙule

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron kukanmu. Ni matar aure ce, shekarata 22, ina zaune a gidan surukaina a unguwar Yelwa, nan Garwa. Damuwata a kan ɗana ne na fari. Makon jiya ya cika wata 11, har yau bai zauna da kansa ba.

Cikina bai isa ba na haife shi, an ce saura sati 6. Ya zo ɗan ƙarami, kilo 2 da ɗan abin da ba a rasa ba. A kwana na uku idonsa ya yi ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, muka yi kwana 8 a asibiti ana haska masa fitila. Da aka sallame mu ya kama nono sosai, ya murmure, na ɗauka mun rabu da wahala. Wuyansa bai tsaya ba sai wajen wata 6. Yanzu in na sa shi cikin daro na tokare shi da zannuwa yakan ɗan jima, amma da na ajiye shi a tabarma na sake shi sai ya kife ta gefen hagu. Rarrafe kuwa ko alamarsa babu.

Abin da ya fi tsaya min a rai, wanda ban faɗa wa kowa ba sai ke, hannunsa na hagu kusan kullum a dunƙule yake, babban yatsa a ciki. Duk abin da na miƙa masa da dama yake karɓa, mutanen gida har murna suke wai ba zai zama bahago ba. In ina sa masa wando kuma ƙafar hagun tana min gardama kamar ta ƙage. Ban da wannan lafiyarsa ƙalau. Yana dariya, ya san muryata ko daga tsakar gida, yana "ba-ba-ba", yana shan kununsa.

Hajiya, surukata, ta ce ƙiba ce, kuma dama ɗa namiji ya fi mace nauyin jiki, wai babansa ma ya daɗe bai taka ba. 'Yar faccalata wata 8 gare ta tana rarrafe har bakin murhu, kullum sai an kwatanta su. Wata maƙwabciya ta ce ɗan ruwa ne, tunda ina da ciki na sha zuwa wanki bakin Binuwai da yamma. Kwana na yi ina kuka. Ranar allurar ƙyanda na yi wa ma'aikaciyar asibiti maganar, layi ya yi tsawo, ko taɓa shi ba ta yi ba ta ce kowane yaro da lokacinsa. Maigidana direban babbar mota ne, Ngaundare zuwa Kusiri, sai ya yi sati biyu ba ya gida. Ya ce zai sayo masa keken koyon tafiya, Hajiya kuma tana so a kai shi wurin mai ɗori a gasa ƙafar.

Da yake ɗan fari ne ina jin nauyin in zauna ina wasa da shi a gaban surukai, saboda haka yawanci yana kwance a ɗakin Hajiya ko yana bayan ƙanwar mijina. Gwaggo, in jira kamar yadda suka ce? Ko ni na jawo masa?

'Yarki a Garwa

Wa'alaikumus salam 'yata,

Kada ki jira. A makon nan, in ya yi nisa na sama, likitan yara ya duba shi. Zan warware miki dalili don ki samu abin faɗa wa mutanen gida.

Mu fara gyara lissafi. Yaron da ya zo kafin lokacinsa ana cire masa satuttukan da suka rage kafin a auna inda ya kai, haka likitoci suke yi har ya cika shekara 2. Wata 11 a cire sati 6, naki yana wata 9 da rabi ke nan. Kin ga tazarar da ke tsakaninsa da 'yar faccalarki ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara 816 a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Oman da Norway da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Lafiyayyun yara suna zama ba tare da an tokare su ba daga kusan wata 4 zuwa wata 9 da 'yan kwanaki, suna tafiya su kaɗai daga wata 8 zuwa dab da wata 18. Fili ne mai faɗi, ta nan Hajiya tana da gaskiyarta. Bambancin maza da mata kuwa bai taka kara ya karya ba a binciken. Rarrafe ma cire shi daga ranki: wajen 4 cikin 100 na yaran ba su yi shi ba sam, wasu jan gindi suke yi, wasu jan ciki, daga nan sai dafa bango.

Zaman nasa ya ɗan gota iyaka. Amma inda idona ya tsaya a wasiƙarki shi ne inda naki ya tsaya, wato hannun nan. Jariri yana zuwa duniya da hannu a dunƙule, wajen wata 3 zuwa 4 sai ya sake. Kuma yaron da bai shekara ba bai isa zaɓen hannu ba, duka biyun yake kai wa abu. In ya manne wa dama tun yanzu, sau da yawa alama ce hagun ba ta ba shi haɗin kai. Ki haɗa da ƙafar da ke ƙagewa, da kifewa ta gefe guda, da wuyan da ya makara, da zuwansa kafin lokaci, da shawarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kin gano wurin tun kafin kowa.

Daga takarda ba zan iya sa wa ciwo suna ba, sai wanda ya taɓa yaron da hannunsa. Ba kuma zan ɓoye miki ba: cikin abin da likita zai bincika akwai ko ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin jiki ya taɓu kafin haihuwa ko a kwanakin farko. A asibitocinku za ki iya jin sun ce IMC, gajeren sunan wannan matsala da Faransanci. In ma shi ne, ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Tabon da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba a ɗaukarsa, kuma yaran da abin ya tsaya musu a gefe ɗaya mafi yawansu suna takawa da ƙafarsu, da yawa suna karatu kafaɗa da kafaɗa da tsaransu. Abin da jira ke ɓatawa shi ne gaɓoɓin: jijiyar da ta saba da ƙagewa gajarcewa take yi, hannun da yaro bai saba amfani da shi ba kuma sai ya yi kamar ya manta da shi. A shekaru biyun farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe wa kanta sababbin hanyoyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanki kuwa yana tsakiyar ɗanyantakarsa.

Ki wuce babban asibitin yanki na Garwa, ki ce likitan yara kike so. Ranar rigakafi ba ranar bincike ba ce, mutum ɗaya da jarirai cike da rumfa. Ki tafi da karne ɗinsa, wato littafinsa na asibiti, da duk takardar da aka ba ku lokacin kwanciyar shawara. Kafin ranar, ki ɗauke shi bidiyo a waya yana miƙa hannu ga abin wasa, da lokacin da ya kife, don yara sun iya fashewa da kuka a gaban likita su ƙi nuna komai. In kin shiga kada ki fara da "bai zauna ba", ki fara da "hannunsa na hagu ba ya buɗewa, ƙafar hagu tana ƙagewa, kuma saura sati 6 aka haife shi." Wannan maganar ba likitan da zai ji ya sallame ki da baki. Ki roƙa a gwada jinsa, don shawara mai tsanani takan taɓa kunne, a duba jininsa, a auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. In ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ko da yake yadda kika kwatanta shi ba na tsammanin haka. Sannan ki nemi a tura ku wurin kine, masu motsa gaɓoɓi. Su ne za su koya miki abin da za ki riƙa yi masa a gida, aikin ma yawancinsa a gida yake.

Keken nan ku bar shi a kasuwa. Ba ya koya wa yaro tafiya, yana sa shi ɗingishi a kan yatsu, yaro mai ƙagaggiyar ƙafa kuwa wannan ne abin da ake gudar masa. Ga murhu, ga tukunyar ruwan zafi a tsakar gida. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yaran da ya raunata. Kuɗinsa a yi na mota da na ganin likita. Mai ɗori kuma gwanin karaya ne da targaɗe, ƙashin ɗanki lafiyarsa lau. Gashi da ruwan zafi ko tsaga ba abin da za su bar masa sai ƙuna da miki.

Maganar ɗan ruwa ta ɓata min rai ƙwarai. Da irin wannan kalma aka ɓoye yara da yawa a ƙuryar ɗaki har lokacin taimakonsu ya wuce. Ɗanki ɗan mutum ne, Allah ya ba ki shi amana. Mata nawa ke wanki a bakin Binuwai da tsohon ciki? Ba ke kika kira haihuwa kafin lokaci ba, da shawara ta zo kuma kin kai shi inda aka haska masa fitila, mai yiwuwa wannan ne ya tsare shi daga abin da ya fi haka. Addu'a da tofi ki ci gaba, Hajiya ma ta yi masa, ba sa hana zuwa asibiti.

Sai batun alkunya, wanda na san ba ƙaramin abu ba ne, balle a Garwa inda tamu ta haɗu da ta Fulani. Ba zan ce ki yar da ita ba. Amma yaron nan yana bukatar ƙasa, yana bukatar fuskarki. Ki shiga ɗakinki ki saki labule, ki shimfiɗa tabarma sau uku ko huɗu a yini. Ki kifa shi a kan cikinsa idonsa biyu kina gabansa, ya ɗago kai ya dogara da hannuwansa, daga nan ƙarfin baya da na zama yake fitowa. In barci zai yi, rigingine. Ki zaunar da shi tsakanin cinyoyinki kina riƙe da ƙugunsa, kullum kina rage riƙon kaɗan-kaɗan. Daron nan yana riƙe shi ne kawai, ba ya barin jikinsa ya yi aikin. Ludayi, murfin kwano, duk abin da ke jan hankalinsa ki kawo ta hagu, ki yi masa magana ta hagu, ki ba shi abu mai girman da sai da hannu biyu zai riƙu. Yatsun kada ki ɓanɓare su da ƙarfi, ki shafa bayan hannun a hankali, lokacin wanka ya fi saki. Goyo ba laifi, yana ma buɗe masa cinyoyi, kada dai ya zama nan yake yini. Nono ki ci gaba har shekara 2, kunun ya yi kauri, da gyaɗa, ki haɗa masa da ƙwai da wake da kifi da garin zogale.

In ya yi jijjiga, ko zazzaɓi mai zafi, ko yana yawan ƙwarewa in yana shan kunu, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ko wata gaɓa ta saki lokaci guda, wannan ba ya jiran ranar da aka ba ku, a ranar za ki tafi.

Maigida ki kira shi yau, kada ki bari sai ya dawo, ki tura masa bidiyon ya ga hannun da idonsa, shi ya yi wa mahaifiyarsa magana. Ranar zuwa asibiti kuma ki roƙi Hajiya ta raka ki. Abin da ta ji daga bakin likita ya fi saurin shiga fiye da wanda za ta ji daga bakin suruka, kuma yaron a ɗakinta yake yini, hannunta ma ana bukatarsa a wannan aikin. Allah ya ba shi lafiya, ya raya miki shi. Ki sake rubuto min bayan kun ga likitan, ina so in ji abin da ya ce game da hannun.

Gwaggonki