Tambaya da Amsa: Raba Faifan Kwamfuta Tsakanin Windows da Ubuntu

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ina zaune a Ƙofar Kaura cikin birnin Katsina. Na sayi kwamfutar cinya ta hannu mai faifan ajiya na gigabait 500 da Windows a kanta, ina kuma son in ƙara Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta daga dangin Linux, saboda karatu. Da na fara girkawa sai aka tambaye ni yadda zan raba faifan, ga kuma sunaye irin su ext4 da NTFS da FAT32 waɗanda ban san kansu ba. Wani mai gyara ya ce in yi mata fomatin gaba ɗaya in huta. Mece ce shawararka?

AMSA: Ɗan'uwa, ba na goyon bayan shawarar mai gyaran nan, domin babu abin da ya tilasta maka rushe Windows kafin ka sama wa Ubuntu wuri. Kafin ka taɓa komai dai, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani faifan na waje, ka kuma tabbata batirin ya cika, saboda idan aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu ana tsakiyar rage girman yanki, kana iya rasa duk abin da ke cikinsa.

Ka ɗauki faifan tamkar filin gida: rabawa ita ce yanka ɗakuna, kowane ɗaki shi ne yanki, sunayen da ka gani kuwa tsare-tsaren jera kaya ne a cikin kowane ɗaki. Windows tana zama a kan NTFS, wanda Microsoft ta fitar a 1993, ita kuwa Ubuntu ext4 take zaɓa, wanda ya kankama a Linux a ƙarshen 2008. Dukansu biyun suna rubuta abin da za su yi a wani ɗan kundi kafin su aikata shi, don haka idan wuta ta yanke ba zato, suna iya duba kundin su daidaita kansu. FAT32 ba shi da wannan kundin, kuma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka ajiye aikin makaranta a kansa.

Idan ka buɗe Disk Management, wato wurin sarrafa faifai a Windows, za ka ga faifan naka ya nuna kimanin gigabait 465. Ba ha'intarka aka yi ba, masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024. A nan za ka rage yankin C, inda Windows take zaune, ya koma 150, ka bar wa Ubuntu kamar 80 a ext4, sauran 235 ɗin ka mayar da su yanki na musamman a NTFS domin takardu da bidiyo da karatuttuka. Wannan yanki na uku shi ne na fi ba wa muhimmanci, domin ranar da ɗaya daga cikin manhajojin ta lalace har ta kai ga sake girkawa, ɗakinta kawai za a share, kayanka suna nan. Na zaɓa masa NTFS ne saboda Ubuntu tana karanta shi tana rubutu a kansa, alhali Windows ba ta gane ext4 da kanta, har ma takan ce a yi masa fomatin, kada ka kuskura ka amsa mata.

Sai ka duba ko faifan MBR ne ko GPT, wato tsare-tsare biyu na lissafa yankunan faifai. MBR tsohon tsari ne da ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da 4, kuma kwamfutocin hannu da yawa sukan zo da huɗun a cike, shi ne za ka ga manhajar girka Ubuntu ta ƙi ƙara sabo. GPT kuwa Windows tana barin yankuna har 128 a kansa. Idan naka GPT ne, za ka ga wani ɗan ƙaramin yanki na FAT32 mai kimanin megabait 100 da ake kira EFI, wanda daga shi kwamfutar take tashi. Ubuntu za ta yi tarayya da Windows a kansa, kai dai kada ka share shi. Ba sai ka yanka yankin swap ba, wato wurin da Linux take ajiyar wucin gadi idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika, tun 2017 Ubuntu take amfani da fayil a maimakonsa. Kashe Fast Startup, wato zaɓin tashi da sauri a Windows, kuma wajibi ne, in ba haka ba Ubuntu za ta iya buɗe yankin kayanka amma ta ƙi yin rubutu a ciki.

TAMBAYA: Malam, daga Daura nake. Filashina gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki, amma ya ƙi karɓar bidiyon bikin ƙanwata mai gigabait 6.

AMSA: Malama, filashin lafiyarsa ƙalau, FAT32 ne a kansa, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Ki yi masa fomatin zuwa exFAT, wanda Windows da Mac da Linux ta zamani duk suke karantawa. Idan a tsohuwar talabijin za a kalli bidiyon, ki fara gwadawa da ƙaramin fayil, domin wasunsu FAT32 kawai suka sani, sai dai a raba bidiyon gida biyu.